Zan sauke rufin Wrangler ɗina, amma ina zan ajiye shi a gidan haya?

Baban_Khalifa (Rikkos, Jos)

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu Jeep ko duk wanda ya taɓa riƙe mota mai rufin da ake kwancewa ku taimaka min da shawara.

Wrangler ce dani mai ƙofa huɗu ƙirar 2014, 'yar Kwatano, shekara biyu kenan tana hannuna amma ban taɓa sauke babban rufinta na faiba ba, iyakata 'yan falle biyun nan na saman direba, su kam ina cirewa jefi-jefi idan zamu Dutsen Shere ko bakin dam ɗin Lamingo da yara. To watan jiya wani abokina da aka yi wa canjin wajen aiki ya sayar da tashi motar, rufin tamfol ɗinta da ƙarafunansa suka rage a hannunsa ya bar min su a araha, nace shikenan tunda ruwa ya ɗauke bari in sauke na faiban in ɗaura tamfol daga yanzu zuwa ƙarshen Maris, in hadarin Afrilu ya fara haɗuwa in mayar, don kun san ruwan Jos wani lokaci da ƙanƙara yake zuwa kuma ban shirya ganin ƙanƙara tana dukan tagar leda ba.

Inda gizo ke saƙar shine wajen ajiya. Gidan haya nake, babu gareji, abinda muke dashi rumfar mota ce irin ta faif da tanti, sai baranda a gaba, sai wani ɗan sito a baya da muke saka janareto da tarkace su buhun gawayi. Na kwana biyu ina kallon bidiyo a YouTube, duk turawan Amurka ne, mutum ya shigar da mota gareji ya ja igiya rufi ya tashi sama ya tsaya a silin kamar fanka, shi kaɗai ko gumi baiyi ba. Ni kuma da na ɗaga kai a barandarmu POP na gani.

Abinda ya zo min a rai, ko in jera tsofaffin tayoyi huɗu a bayan gida in ɗora shi in lulluɓe da leda, ko in jingina shi da katanga a tsaye don kar ya cinye fili, ko in kira kafinta ya huda silin ɗin baranda mu rataye. Makanikena yace in kawo ya ajiye min a garejinsu amma gaskiya raina bai kwanta ba, na san halin yaran gareji, kafin wata ɗaya ya zama teburin cin shinkafa da wake. Uwargida kuma ta riga ta kafa doka wai ko a mafarki kar in kawo maganar falo.

Wata biyar ne ko kusa da haka. Wanne ne bazai ɓata min abu ba? Kuma mutum nawa ake nema wajen saukewa? Ngd.

Ɗan_Gangare

Wa'alaikumussalam. Hhhhh Baban Khalifa a Jos zaka cire rufi a Nuwamba? Wato sai da sanyi ya yi sallama a bakin ƙofa sannan zaka tuɓe riga. Wlh ranar da ka fito kai yara makaranta ƙarfe 7 na safe a watan Janairu da tamfol a kanka, kai da bakinka zaka nemo mutane su mayar maka. Ga ƙurar hunturu, tagar ledar nan in ka kuskura ka share ta a bushe ko da tafin hannu ne ta karce kenan, sai dai kullum ka fara kwara mata ruwa. Sannan duk mai reza a aljihu yana da makullin motarka, ka tuna da wannan ran da zaka faka a kasuwar Terminus.

Ni da nine Fabrairu zan jira. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi, bari masu abin su zo.

Injiniya_Gwarinpa (Abuja)

Salam Malam. Ni harkar gini nake, kuma ina da irin taka sai dai tawa mai ƙofa biyu ce, to bari in fara da silin tunda nan hatsarin yake.

Dan girman Allah kar ka rataya komai a POP. Abinda kake gani a bidiyon can, saman garejin Amurka katakai ne ƙatta a jere, tsakaninsu inci 16 ko 24, a jikinsu ake ɗaure ƙugiyar kuma su ke ɗaukar nauyin. Namu kuwa in ka leƙa saman POP 'yan siraran katako 2x2 zaka tarar da zaren filas, kansa kawai yake riƙe da ƙwan lantarki, fanka ma ai sai an sako mata rodi daga sama. Zaka ce to a huda a kama rafta. Ita ma ƙusa ce ke riƙe da ita, don kwano aka yi ta, kuma baka san shekara nawa gara tayi tana walima a ciki ba. Rufin kansa ba wani nauyin azo a gani bane, buhun siminti ne da 'yar ɗoriya, amma buhun siminti ya faɗo daga sama a barandar da yara ke wasa... Allah ya kiyaye. Ga mai gida, ran da ya ga rami a silin ɗinsa sai dattawan unguwa sun shiga tsakaninku.

Ni abinda ya cece ni ƙarƙashin dekin nake faka mota. Na sa aka huda kankaren aka ɗaura ƙugiya huɗu da anka bol masu kauri, na sayo bel mai faɗi irin na ɗaure kaya a tirela, ba igiyar shanya ba. In shiga da baya, a kwance notuna, a zura bel ta ƙarƙashin rufin gaba da baya, a ɗaga kaɗan nan kaɗan can har ya rabu da jikin mota, sai in ja motar in fita in barshi a sama. Duk da haka sai na ƙara wata igiyar daban ko da ɗaya zata saki. Amma wannan sai mai dekin, kuma sai gidanka ne ko mai gida ya yarda.

Rumfar faif da tanti kuma kar ma ka fara, faif ɗinta nauyin tanti kawai aka yi shi ya ɗauka, ka taɓa lura da yadda take rawa in iska ta taso ai.

In ratayar ce ta shiga ranka, ka samu mai walda ya haɗa maka firam mai ƙafa huɗu da ke tsaye da kansa, kamar ragar gola biyu aka haɗa da juna, da faif mai kauri, tsayinsa ya wuce motar faɗinsa kuma ta shige ba tare da madubi ya taɓa ba. Baka taɓa ginin kowa ba, ran tashi ka kwance abinka ka loda.

Maganar saukewa: fallayen gaba zaka fara cirewa, na direba tukuna. Taka mai ƙofa huɗu noti takwas ne, shida a gefe ta ciki uku nan uku can, biyu a sama wajen ƙarfen da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. Bakin tauraro ne dasu, lamba T40, kar ka yarda wani yaro ya cusa musu alanki yace ai duk ɗaya ne. A kusurwar baya ta hagu akwai soket ɗin waifa da hitar gilas, da wani siririn tiyon ruwan wanke gilas, ka zare su kafin kowa ya ɗaga. Mutum biyu masu ƙarfi suna iyawa amma ka nemi huɗu, ba nauyin ke kayar da mutane ba, girman ne da rashin wajen kamawa.

MaiFaiba_FarinGada

Oga Baban Khalifa sannu da ƙoƙari. Injiniya ya gama magana akan sama, ni bari inyi ta ƙasa.

Aikina kenan gyaran faiba, bamba da kanofi da irin rufin nan naku, kuma wlh waɗanda ake kawo min a fashe ba a titi suke fashewa ba, a gida ne, a bayan ɗaki. Yana kan mota shekara goma lafiya lau yana shan ramukan hanyar Bauchi, a sauke shi wata uku ya lalace. Dalili kuwa a kan mota noti takwas ne suka danne shi akan baki madaidaici, jikin motar ne ke riƙe masa siffa, da ka sauke shi ya zama kamar kwali babu gindi, bayansa a buɗe yake tunda ƙofar but ta zauna a jikin mota, gefe da gefen nan in ka kama da hannu zaka ji suna motsi.

To tayoyi huɗun da kace. Na farko ba zaka samu huɗu masu tsayi ɗaya ba, ko ka samu wata tafi wata laushi, ƙasan bayan gida kuma ba a miƙe yake ba, sai abin ya zauna a karkace kusurwa ɗaya tana lilo. Ba ranar zaka gani ba, rana ta dafa shi dare ya sanyaya shi, haka haka har wata biyar, ran da kuka mayar sai noti shida su shiga biyu su ƙi, sai wani mai ƙarfi yace bari in danna, sai kaji ƙas. Ko ba'a ji ƙas ba, ruwan farko yana sauka zaka ga yana ɗiga a kafaɗar mai zaman baya, kayi ta canza roba a banza alhali rufin ne ya murɗe. Banda baƙin tabon da taya ke bari a fenti, banda kunama da ɓera da ke son cikin taya.

Abinda zakayi mai sauƙi ne kuma bazai ci kuɗin walda ba. Kaje kasuwar Katako ka sayi 2x4 busasshe, ka zaɓa da idonka kar a haɗa ka da ɗanye don ɗanye yana lanƙwashewa in ya bushe. Kafinta ya zo da tef ya auna bakin motar inda rufin ke zama, faɗi da tsawo, ya yi maka benci mai dogayen katako biyu daidai wannan faɗin, ya ɗaure su da na tsakiya, ya buga tsohon kafet ko bargo a samansu. Ya sa filam ya tabbatar a miƙe yake, in ƙafa ɗaya bata taka ƙasa ba a cusa mata wani abu tun kafin a ɗora. Kaga rufin zai zauna akan gefensa biyu tun daga gaba har baya kamar yana kan motarsa. In da hali benci yayi tsayi kusa da ƙugun motar, kunga sai dai ku zame shi baya ku ɗora, ba sai kun sunkuya da kaya a hannu ba, wajen sunkuyon nan ne ake sakinsa.

Gilas ɗin baya shine ran abin. Babu firam a ƙasansa, hinji biyu ne a sama da 'yan shoka biyu suke riƙe dashi, kuma irin gilas ɗin nan ne da in gefensa ya daki dutse baya tsagewa, rugujewa yake gaba ɗaya kamar tsakin masara. Lokacin saukewa ku barshi a ɗage, in an gama ɗorawa ku sauke shi a hankali ku duba bakinsa baya taɓa katako ko ƙasa, kar nauyin komai ya hau kansa. Ka tambayi kuɗinsa a kasuwar kayan mota ta Apo ko Ladipo in ma an samu, zaka dawo ka gina masa ɗaki.

Leda kuma a'a. Sanyin dare da raɓar Jos sai ledar tayi gumi ta ciki, ƙura ta shiga ta manne, iska tana kaɗa ledar tana goga ta a jikin fenti kamar sanfefa, wata biyar ana maka aikin da ni sai an biya ni nake yi. Tsohon zanin gado ko atamfa ka rufa masa, abinda iska ke ratsawa, ka ɗaure da kyau, kuma a inuwa. Mutane suna raina ranar Jos saboda garin da sanyi, alhali muna sama da mita 1,200 ne, rana tafi cin fenti anan, baƙin rufi sai ya koma kalar toka.

Robobin ka wanke da sabulu da ruwa su bushe ka fesa musu silikon. Banda baƙin mai, banda giris, banda basilin, duk abinda aka yi da man fetur kumbura roba yake ya ruɓar da ita. Bakin tiyon ruwan ka toshe duka biyun, na jikin mota don in ka manta ka danna wankin gilas ɗin baya cikin but zai fesa, na jikin rufi kuma saboda zanzaro, shi duk ramin da ya gani gida ne, zai cika shi da laka. Soket ka naɗe da leda da salatif. Notunan kuma in ka ɗaga murfin ƙasan but akwai 'yan ramukan da kamfani yayi don su, nan zaka jera su, kar ka zuba a gwangwanin madara kace zaka tuna.

Kuma nesa da janareto dan Allah.

Baban_Khalifa (Rikkos, Jos)

Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Injiniya na janye maganar silin, ko uwargida da na karanta mata sai da tace kaga ni. Ɗan Gangare kai kuma zamu haɗu, hita tana aiki ai.

Oga mai faiba na auna ƙofar siton ƙafa 3 ce, ko ta gefe aka juya shi banga alamar zai shiga ba, kuma dama kace nesa da janareto. Akwai wani lungu tsakanin ɗakinmu da katanga, rana bata cika shiga ba sai da hantsi, amma in na kwantar dashi a benci zai toshe hanyar zuwa tankin ruwa kusan duka, shi yasa nake ta tunanin tsayar dashi. Tsayuwar haramun ce gaba ɗaya ko akwai yadda ake yi? Sannan kafintan da na kira yace zai shafe katakon da baƙin mai saboda gara, kai kuma naji kace banda baƙin mai.

Maman_Hanif (Kubwa)

Sallama. Ni bani da Jeep amma ina da labari, kuma ina bayan uwargida ɗari bisa ɗari, falo ba gareji bane.

Maigidana Hilux gareshi mai kanofi, duk kaka sai ya sauke kanofin saboda ɗauko buhunan masara da doya daga gona. Shekarar farko akan bulo huɗu suka ɗora a bayan kicin yace sati uku ne. Sati ukun nan sai da ya zama wata huɗu. Kafin kace me yara sun mayar dashi ɗakin 'yar tsana, ana shiga ta ƙofar baya ana fita ta taga, ƙaramin har hawa sama yake yana tsalle wai jirgi ne, kaza ta samu lungu ta saka ƙwai tara a ciki har ta ƙyanƙyashe, ɓeraye kuma suka cinye robar ƙofar da wayar 'yar fitilar birkin nan ta sama, don duk abinda yaran suka ci a ciki ɓurɓushin yana nan. Duk wannan da sauƙi. Iskar farkon damina ta watan Maris, irin mai zuwa da jan ƙura kafin ruwa, ita ta shiga ta ƙarƙashinsa ta ɗaga shi ta maka da katanga, muna ɗaki muka ji kamar an yi hatsari a tsakar gida, tagar gefe ɗaya ta tafi, kusurwa ta dare.

Don haka ni shawarata ba ta injiniyoyi bace, ta uwa ce. Duk inda zaka sa shi ka ɗauka cewa yaro zai hau, ƙwallo zata dake shi, kuma iska zata gwada ɗaga shi. Ka ɗaure shi da bencin, bencin ma ka danne ƙafafunsa da bulo ko buhun yashi. Ka toshe ƙasan yadda yaro ko kaza baza su shiga ba. Kuma kar ka bari kowa ya ɗora komai a sama, don wlh yau bokiti ɗaya ne gobe tabarma, jibi an shanya kuɓewa.

In kace ƙarshen Maris zaka mayar, ka mayar tsakiyar Maris.

Dattijo_Bukuru

Assalamu alaikum. Yarana ne suka nuna min wannan hira nace bari in sa baki, ku yi haƙuri da rubutun tsoho.

Ina da Marsandi SL ƙirar 1985, irin wadda aka yi daga 1971 zuwa 1989, ita ma rufi biyu gareta, na ƙarfe da ake ɗagewa da na yadi da ke naɗewa a baya. Tana hannuna tun ina aiki. Malam Baban Khalifa tsayar da rufi ba haramun bane, nawa a tsaye yake kwana duk rani shekara da shekaru kuma har yau baya yoyo. Amma ba jingina da katanga ba. Jingina ita ce ɓarna, domin nauyin duka sai ya taru a baki ɗaya akan siminti, saman kuma yana gogar bango. Abin tsayarwa ake yi masa, nawa mai walda ya yi min da ƙananan tayoyi huɗu a ƙasa, gindin rufin yana zaune a cikin wani kwari da aka shimfiɗa wa soso, nauyin yana kan ƙarfen gefe ba akan gilas ba, sannan akwai sanda a baya da yake kwantawa a jikinta kaɗan, na ɗaure da bel. In za'a yi shara sai a tura shi gefe.

Sai dai ka lura da bambanci biyu. Nawa ƙarami ne, mutum biyu ke ɗauka, kuma ƙarfe ne da gilas a cikin firam. Na biyu nawa a cikin ɗaki yake, babu iska babu jikoki, makullin yana aljihuna. Naka a tsaye a tsakar gida ya fi mutum tsawo, iska ta samu abin turawa.

Abu ɗaya da babu wanda ya faɗa, a Afrilu in ka mayar da na faiba, tamfol ɗin ma ajiya yake so. Kada ka naɗe shi da danshi ko kaɗan, zai yi fumfuna ya yi wari. Tagogin ledar kuma ba'a ninke su, shimfiɗa su ake da tsohon zani a tsakanin kowanne, ni ƙarƙashin gado nake ba mutane shawara. Kuma ranar ɗaura tamfol ka bari sai rana ta take, ka shanya shi ya yi laushi, da sanyin safiya yadin ƙanƙancewa yake sai ka rantse ba na motarka bane.

MaiFaiba_FarinGada

Baba ya faɗi gaskiya Allah ya ƙara girma. Tsayuwa tana yiwuwa in an yi masa abin tsayarwa na kirki, har sayar da irinsa ake a waje, amma oga gidan haya da yara da lungu mai iska, ni dai kwantar dashi nafi so, tanki a zagaya ta ɗaya gefen na wata biyar ba zai kashe kowa ba.

Baƙin mai kuma kafinta bai yi laifi ba, ya shafa a ƙafafun benci kawai inda ke taɓa ƙasa, ko ku sa maganin gara irin Solignum in da kuɗi. Dogayen katakon sama da rufin zai zauna akai su kar mai ya taɓa su, yana ratsa kafet ya kai ga roba. Ƙafafun ma ka ɗora su akan bulo ko fale-falen tayil, gara bata son hawa inda ake ganinta, kuma duk sati biyu ka ɗaga zanin ka leƙa.

Fallayen gaba biyun su kam ɗaki zaka kai, ba su da girma, a jakarsu in tana nan in babu ka raba su da bargo kar fenti ya gogi fenti. Ran mayarwa na fasinja ake fara sawa sannan na direba ya hau kansa, in ka juya sai sunyi yoyo.

Baban_Khalifa (Rikkos, Jos)

Jama'a na dawo da rahoto. Ranar Asabar muka sauke.

Kafinta yayi bencin kamar yadda oga mai faiba ya tsara, tsohon kafet ɗin masallacin unguwa da aka canza muka samu muka buga, na ƙara masa kuɗi kaɗan ya ɗora min falle uku na kwano daga katanga zuwa bangon ɗaki a lungun, da izinin mai gida, shi har murna yake wai in na tashi in bar masa. Mu huɗu ne, ni da ƙanena da maƙwabta biyu. Noti bakwai suka fita salin alin, na takwas ashe tun a can wani ya taɓa cin bakinsa da alanki, sai da muka kira yaron makanike ya zo ya bubbuga ya fitar, awa ɗaya cur akan noti ɗaya.

Sannan duk da Injiniya ya faɗa da babbar murya, soket na zare na manta da tiyon. Mun ɗaga mun fara ja baya sai ƙanena yace tsaya tsaya wani abu na riƙe, muka tsaya da rufi a hannu kowa na nishi ni kuma na kutsa ta ƙarƙashi ina lalube, Allah ya taimaka bai tsinke ba ya dai miƙe kamar taliya. Gilas lafiya. Ya zauna a bencin daram ko motsi babu, na fesa silikon, zanin gado biyu na uwargida suka tafi a kai wanda har yanzu ana min gori, na ɗaure da bel biyu, ƙasan kuma Hajiya Maman Hanif na kewaye shi da ragar kaji saboda labarinki. Jiya na kama Khalifa yana leƙawa ta ragar yana kiran ƙanwarsa wai ta zo ta ga kogo.

Tamfol ɗin mun sha wuya kafin zif ɗin baya ya ja, sai da muka bi maganar Baba muka barshi a rana. Motar kam ta yi daɗi da yamma, sai dai ƙara a kan titi, daga Mararrabar Jama'a zuwa Hawan Kibo ko rediyo bana ji. Da safe kuma... to, na sayi hular sanyi.

Saura noti ɗayan nan da ya lalace, in akwai wanda ya san inda zan samu irinsa mai bakin tauraro a Dilimi ko Farin Gada ya taimaka, bana son a haɗa ni da na kan sifana.

MaiFaiba_FarinGada

Ka riƙo ɗaya daga cikin masu kyan ka shigo dashi, a gwada zare da tsawo a gabanka, akwai masu kayan Beljiyam a layinmu zamu duba tare.

Ɗan_Gangare

Hular sanyi tun Nuwamba bata ƙare ba hhhh. Baban Khalifa ka adana lambar mutum ukun nan da kyau, Janairu tana nan tafe.